Daga Harba-ka-ruga zuwa AK-47: Tarihin Bindiga da Dokarta a Mafara, Bakura da Maradun

Talata Mafara da Bakura da Maradun garuruwa ne uku masu maƙwabtaka a yammacin Jihar Zamfara, a kwarin Gulbin Sakkwato, kowanne da tsohuwar sarautarsa: Sarkin Mafara, Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun. Ƙasa ce ta noma da kiwo, ga fadama ga daji, kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Gusau ta ratsa ta. Bindiga ta yi zamani uku a wannan yanki. Ta fara da zama kayan fada, 'yan ƙalilan a hannun bayin sarki. Ta koma kayan aikin maharbi, maƙerin gari na ƙera ta, hukuma na sa mata ido. Daga bisani bindigar soja ta fita daga rumbunan gwamnatoci ta shiga daji. A duk zamunan nan abu biyu ke yanke hukunci: ko makamin zai tashi idan aka ja kunamarsa, da kuma wanda ke da ikon cewa wane zai riƙe shi, wane ba zai riƙe ba.

Zamanin kwari da baka

Bindiga ta daɗe da shigowa ƙasashen Sudan ta Tsakiya. Mai Idris Alooma na Borno ya riga ya tanadi 'yan bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarshen ƙarni na 16. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, aka riƙa kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Duk da haka ba bindiga ke cin yaƙi ba a lokacin. Ƙarfin sarki yana ga dawakinsa, da barade masu sulke da lifidi, da dakaru masu mashi da takobi, da 'yan baka masu kibiyar da aka shafa wa dafin kwankwani. Da irin wannan runduna Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a farkon shekarun 1760, Zamfarawa suka watsu zuwa wasu garuruwa, Gobirawa kuma suka kafa Alƙalawa.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya kuma zauna a Faru, wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Maradun a yau. Cikin riwayoyin da aka fi sani game da rikicinsa da Gobir akwai wadda ta ce Sarki Yunfa ya kira shi fada ya ɗana masa bindiga, sai wutar ta dawo ta ƙona Yunfan. Mabiya Shehu sun ɗauki wannan a matsayin karama. Ta fuskar tarihin makamai kuwa, riwayar ta dace da halin bindigar wancan zamani, wadda ba ta da tabbas ko a hannun sarki.

A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu ba su da dawaki sai kaɗan, amma 'yan bakansu suka karya rundunar Gobir. Shekara 22 bayan haka, a 1826, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shaida harin da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa a Konya. Mayaƙan sun kai dubun-dubatai, amma bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba. Ya kuma lura cewa mai bindiga yakan matsa ya harba, sa'an nan ya ruga baya inda kibiya ba ta kaiwa domin ya sake ɗuri.

Bindigar toka da gazawarta

Dalilin wannan gudu yana cikin ƙirar makamin. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta. Mai ita zai zuba albarushi, ya tusa tsumma, ya sa dalma ko guntayen ƙarfe, ya danna da sanda, ya zuba ɗan albarushi a gefen kunama, sa'an nan ya jira dutsen ƙanƙara ya kyasta wuta. Sojan Turai da ya sha horo yakan yi harbi biyu zuwa uku a minti ɗaya. Ɗan baka kuwa yakan saki kibau da yawa a wannan lokacin, ba ƙara, ba hayaƙi, kuma ko ƙwarzane kibiyar ta yi dafin zai ƙarasa aikin.

Cikin bututun bindigar sumul yake, ba shi da zanen da ke juya harsashi ya miƙe, don haka da wuya ta sami abin da aka auna idan ya wuce 'yan takun ƙafa. Damina babbar abokiyar gabarta ce, domin albarushin da ya sha raɓa ba ya kamawa. Dutsen ƙanƙara yana cinyewa, kuma mai kyau daga waje ake kawo shi. Bindigogin da Turawa ke sayarwa a gaɓar teku, waɗanda aka fi danganta su da 'yan kasuwar Denmak, akasarinsu masu araha ne da aka ƙera domin kasuwar Afirka a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam. Idan aka cika musu albarushi sukan fashe su tafi da yatsun mai harbi. Amfaninsu a fagen fama ya fi yawa wajen firgita dawaki da tsare ganuwa.

Daga shekarun 1860 lamarin ya fara sauyawa. Etsu Masaba na Nupe ya sayi bindigogi masu yawa daga Turawan da ke ciniki a Kogin Kwara. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara dubban bindigogi, har aka riƙa zuba igwa da haɗa albarushi a birninsa. Rabeh ya ci Borno a 1893 da runduna mai horo wadda ta dogara ga bindiga. Sarakuna sun gane hatsarin makamin, saboda haka ba su bar shi ya bazu ba: bayin fada suke ba, ƙarƙashin shugaba guda, albarushi kuma yana ajiye a gidan sarki. Wannan ita ce dokar bindiga ta farko a ƙasar Hausa, ko da yake ba a rubuce take ba. Garuruwan yammacin Zamfara, da ke kusa da Sakkwato kuma nesa da hanyoyin cinikin teku, sun ci gaba da dogaro ga ganuwa da baka da doki, har zuwa farkon sarautar Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya hau a 1891, lokacin da Talata Mafara ta yi tawaye aka kai mata yaƙi.

Yarjejeniyar Brussels da yaƙin 1903

A watan Yuli na 1890 manyan ƙasashen duniya suka sa hannu kan yarjejeniyar Brussels. An gabatar da ita da sunan hana cinikin bayi, amma ta ƙunshi sashe kan makamai: an taƙaita sayar da bindigogin zamani da harsasansu a mafi yawan nahiyar Afirka, aka bar kasuwa a buɗe ga bindigar ƙanƙara mai sumul ɗin bututu da albarushi na gama-gari. Ma'anar haka a aikace ita ce Bature ya riƙe sabon makami, ya sayar wa ɗan Afirka tsoho.

Sakamakon ya bayyana a 1903. Bayan faɗuwar Kano a farkon Fabrairu, wata 'yar ƙungiyar sojan Turawa da ba ta kai mutum 50 ba ta gamu da mahayan Kano kusa da Kwatarkwashi a ƙasar Zamfara. Sojojin suka tsaya murabba'i suka yi ta harbi, aka kashe Wazirin Kano Ahmadu da mahaya masu yawa. Babbar rundunar ta ratsa Zamfara ta Ƙauran Namoda, ranar 15 ga Maris ta tsaya a Giginya, a bakin Sakkwato, da soja kimanin 600, da manyan bindigogin Maxim huɗu da igwa huɗu. Maxim tana zuba harsashi wajen 600 a minti ɗaya, bindigogin sojan kuma ta gindi ake ɗura su, suna kai ɗaruruwan mitoci. Mahayan Sarkin Musulmi Attahiru sun ninka su sau da yawa, amma ƙalilan ne suka iso kusa da sahun.

Duk da haka ƙarfe kaɗai bai isa ba. A Satiru, kudu da Sakkwato, cikin Fabrairun 1906, talakawa masu gatura da fartanya da baka suka afka wa wata rundunar sojan doki kafin ta daidaita sahunta, suka kashe Turawa uku da soja sama da 20, suka kwashe Maxim ɗin da ba a kai ga harba ta ba. A watan Maris Turawa suka komo da shiri, suka kashe mutane kimanin 2,000, suka shafe garin. Karo na farko ya nuna cewa makami mai inganci ba ya aiki sai da tsari da horo. Karo na biyu ya nuna abin da ke faruwa idan makamin da tsarin suka haɗu a hannu ɗaya.

Maƙeri da maharbi a zamanin En'e

Turawan mulki sun ɗora tsarinsu a kan tushen Brussels. Bindigar soja ta zama ta gwamnati kaɗai, dogarai da 'yan dokar En'e akasari kulki suke riƙewa, bindigar toka kuma aka bar ta ga maharba. A nan maƙera suka karɓi ragama. Da ƙarfen Turai ya yawaita aka daina fasa tama, maƙeri ya koma amfani da bututun ruwa da tarkacen mota, ya sassaƙa gindin bindigar da itace mai ƙwari irin baushe. Daga baya ƙirar da ke tashi da 'yar hular wuta ta maye gurbin ta ƙanƙara, ta rage yawan ƙin tashi. Sai dai babu inda ake gwada ƙarfin bututun kafin a sayar, don haka fashewa ba ta gushe ba. Sunayen da aka san ta da su har yau, bindigar toka, baushe, harba-ka-ruga, duk na makami ne mai harbi ɗaya.

Aikinta ya dace da ƙarfinta. Da ita ake farautar gada da zabin daji, a kori birai da gyado daga gona, a buga ta ranar hawan salla da naɗin sarauta da ganin wata. Tsaronta kuma yana hannun jama'a. Sarkin Maƙera ya san wanda ke ƙira, shugaban maharba ya san mutanensa, mai unguwa da dagaci da hakimi sun san baƙon da ya kwana a gari. Wannan sanayya ta yi aikin da rajista ke yi, kuma ta yi rauni bayan an haɗe 'yan dokar En'e cikin 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976 wanda ya raba sarakuna da ikon zartarwa.

Dokar Makamai ta 1959

Dokar da ke aiki a Nijeriya har yau ta fara aiki ne a 1959, kafin samun 'yancin kai. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa: igwa, roka, bam da gurneti, bindiga mai jigida, bindigogin soja irin masu harsashin milimita 7.62, da ƙananan bindigogin hannu kowane iri. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka da danginta, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha, tare da gwamna, ke da ikon hana riƙe su sai da lasisi.

Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ta kuma hana ƙera bindiga ba da izini ba, abin da ya sa mafi yawan maƙeran karkara suka zama masu laifi a takarda, ko da yake ba kasafai ake bin su ba. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da fashi da makami ya yawaita, gwamnatin soja ta kafa dokar 1970 mai hukuncin kisa ga ɗan fashi. Dokar 1984 ta sabunta ta, ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga mai riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Tsarin mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Wannan sashe shi ne ya ɗaure hannun kowane gwamna.

Bindigar gwamnati da darasin Bakolori

Sojan Nijeriya ya gaji bindigar Lee-Enfield daga Ingila. A 1964 aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna da taimakon wani kamfanin Jamus ta Yamma, ta fara da haɗa bindigogi ƙirar Beretta ta Italiya. Daga baya FN FAL ta Beljiyam da G3 ta Jamus suka zama ruwan dare a barikoki. Dukansu suna da nisan harbi da ƙarfin bugu, amma suna da nauyi, gidan harsashinsu 20 yake ci, kuma FAL ta yi suna wajen son tsafta a ƙasa mai yashi.

Mutanen wannan yanki sun fara ɗanɗana bindigar zamani ne daga hannun hukuma. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki, aka baje wasu filayen domin noman rani, manoma da yawa suka rasa damina ba tare da diyyar da ta gamsar da su ba. Suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta ba da adadi kaɗan na mamata, masu bincike kuwa sun kai shi sama da 380. Wannan kisa ya bar tabo a dangantakar manomin yankin da mai kaki, kuma duk wata doka da ke neman talaka ya miƙa tsaronsa ga gwamnati tana buƙatar amanar da irin wannan rana ke rusawa.

Abin da ya bambanta AK-47

Mikhail Kalashnikov ya ƙera AK-47 a Tarayyar Sobiyet a 1947, sojan ƙasar ya karɓe ta a 1949. Ƙasashe da dama sun kwaikwaye ta, ciki har da Sin da ƙirarta mai lamba 56, da Nijeriya da OBJ-006. Sirrinta sauƙi ne. Sassanta kaɗan ne, an bar sarari tsakaninsu yadda ƙura da datti ba sa cushe su, hayaƙin harbin kuma shi ke tura ƙarfen ciki da ƙarfi ya fitar da kwanso ya ɗauko sabon harsashi. Gidanta yana cin 30, tana kuma samun abin da aka auna har wajen mita 300. Ba ta kai FAL ko G3 saiti daga nesa ba, amma ba ta neman kulawa sosai.

Muhimmancin haka ya fito a yaƙin Biyetnam. Bindigar Amurka M16 ta fi AK sauƙin ɗauka da kyan saiti, amma a farkon zuwanta ta riƙa cushewa ana tsakiyar faɗa, saboda an sauya irin albarushin harsashinta kuma ba a raba wa sojoji isassun kayan goge ta ba. Sai da majalisar dokokin Amurka ta yi bincike a 1967 aka gyara. Soja mai rumbu da makaniki yana iya jure makami mai son kulawa. Wanda ke kwana a daji yana yawo a kan babur ba zai iya ba, shi ya sa AK ta zama zaɓin 'yan tawaye da 'yan fashi a duk nahiyar. Ingancin da ya sa ta zama makamin soja abin dogaro shi ne ya sa ta zama annoba idan ta ɓace, domin bindigar da aka sace shekara 30 da suka wuce tana iya tashi yau.

Daga 2011 zuwa yau

Rikicin Zamfara ya samo asali daga cinye burtali da makiyaya, da satar shanu, da rashin adalci a kotu da ofishin 'yan sanda. Wajen 2011 ya rikiɗe ya zama fashin daji. Ƙauyuka suka kafa 'yan banga da 'yan sa-kai, wasunsu suka riƙa kashe Fulani a kasuwanni ba shari'a, waɗanda aka zalunta da ɓarayin asali suka haɗu a daji, aka sayar da shanu aka sayi bindiga. A wannan shekarar ce gwamnatin Gaddafi ta faɗi, rumbunan Libiya suka buɗe, makamai suka bi Sahara suka gangaro ta Nijar. Kuɗin fansa da zinariya suka biya kuɗinsu. Dajin Sububu, a ƙasar Maradun, ya zama ɗaya daga cikin manyan sansanoni, kuma Halilu Sububu, wanda sojoji suka kashe a Satumban 2024, ya yi suna wajen safarar makamai.

Kwamitin da tsohon Sufeto Janar M. D. Abubakar ya shugabanta ya ba da rahoton cewa daga Yunin 2011 zuwa Mayun 2019 an kashe mutum 6,319 a jihar, an sace 3,672. Shekarar 2021 ta taɓa duka garuruwan uku. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun. A watan Yulin shekarar 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙin sojan sama, alamar cewa abin da ke hannunsu ya wuce AK.

A fagen fama lissafin a fili yake. Ɗan sa-kai mai baushe yana da harbi ɗaya, na kusa, sa'an nan ya tsaya ɗuri. Wanda ke gabansa yana da 30 a gida ɗaya, daga nisan da baushe ba ta kaiwa. Tazarar da ke tsakanin mahayin Sakkwato da sojan Turawa a 1903 ita ce ta dawo tsakanin manomi da ɗan fashi.

Gwamnoni da iyakar ikonsu

Uku daga cikin gwamnonin farar hula na Zamfara 'yan waɗannan garuruwa ne: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Biyun ƙarshe sun gwada sulhu da karɓar makamai. A ƙarshen 2016 gwamnatin Yari ta yi afuwa, jagoran 'yan fashin daji Buharin Daji da wasu suka miƙa bindigogi, amma zaman bai ɗore ba. Matawalle ya sake sulhu a 2019, a 2020 ya yi tayin shanu biyu kan kowace AK-47 da aka miƙa. Raunin irin wannan shiri ɗaya ne: muddin hanyar sayen sabuwa a buɗe take, wanda ya miƙa tsohuwa bai rabu da makami ba.

A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin harbe duk wanda aka gani da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba, aka kuma hana jirage shawagi a samaniyar jihar. A ƙarshen Yunin 2022 gwamnatin Matawalle ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin bindiga domin kare kai, ta ce za ta raba takardun nema 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko, rundunar 'yan sanda kuma ta ce dakatar da ba da lasisi yana nan.

Masu goyon bayan kiran sun kafa hujja da cewa doka ta kwance wa mai bin ta makami ta bar mai karya ta da nasa, kuma ƙauyen da jami'an tsaro ba sa isa cikin sa'o'i yana da haƙƙin kare ransa. Masu adawa sun nuna tarihin 'yan sa-kai, inda makamin kare kai ya zama na ramuwar gayya ya ƙara wa wutar mai. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Sai dai ko da an ba da lasisin, bindigar farauta ko ta toka kaɗai zai halatta, domin bindigar soja tana cikin kashin da shugaban ƙasa kaɗai ke ba da izininsa. Wannan iyaka ta shafi rundunar tsaron jiha ta Askarawan Zamfara, su sama da 2,600, waɗanda Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a ƙarshen Janairun 2024. Ƙarfinsu ya fi yawa wajen sanin daji da sanin mutane da aiki tare da soja.

Harsashi da rumbu

Maƙeri yana iya ƙera bindiga, maharbi yana iya samun albarushi a kasuwar ƙauye, amma harsashin AK daga masana'anta yake fitowa, kuma galibi kwanson yana ɗauke da lambar da ke nuna inda aka yi shi. Bindiga tana shekaru tana aiki, harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi, dole a sake saye. A nan ne doka ta fi samun wurin kamawa.

Binciken da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020, kan makaman da aka ƙwace a Zamfara da Katsina da Kaduna, ya gano tushe iri-iri: rumbunan Libiya da na Kodebuwa, bindigogin farauta da aka yi fasa-ƙwaurinsu daga Turkiyya ta tashar ruwan Legas, ƙirar gida, da kuma makaman jami'an tsaron Nijeriya kansu. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce akwai bindigogi 178,459 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey na 2017 ya sa bindigogin da ke hannun farar hula a Nijeriya sama da miliyan 6, alhali na soja da sauran jami'an tsaro gaba ɗaya ba su kai 600,000 ba.

Tanadin doka ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 2006, wadda ta fara aiki a 2009, ta wajabta sa wa makamai alama, da ajiye rajistarsu, da tsare rumbuna, da sa ido kan masu ƙira na gida. A 2021 aka kafa cibiyar ƙasa ta kula da ƙananan makamai ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a 2024 kuma aka sa hannu kan dokar da ta ba ta gindin zama. Dokar 1959 tana nan da rabe-rabenta uku. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa: ƙidayar gaskiya a rumbunan soja da 'yan sanda tare da hukunta wanda ya sayar, bin sawun harsashi daga iyakar Nijar da tashoshin ruwa zuwa daji, yi wa maƙera da maharba rajista ta hannun masarautu maimakon tura su ɓoye, da kotun da manomi da makiyayi za su yarda da hukuncinta. A Mafara da Bakura da Maradun waɗannan huɗu su ne ma'aunin ko dokar makamai za ta kare mai bin ta.